Rana Ta Karɓi Aikina

Shekara ashirin da biyu ina nan,
gindin ɗorawar da ke bakin hanyar Auyo,
farcena baƙi ƙirin da baƙin mai,
ina sauraren injin ban ruwa
yadda ungozoma ke sauraren ciki.
In ya yi kakari, kabureta ce.
In ya yi gum, fulogi ya ƙone.
Da wannan kunnen na yi wa ɗakina rufin kwano.

Sai fetur ya yi tashin gwauron zabi.
Hambali ya kai tumaki biyu kasuwa
don tumatirinsa ya sha ruwan kwana goma.
Tumaki suka tafi, tumatir ya kwanta.
Ya zo ya zauna a bencina bai ce uffan ba,
ni ma ban ta da zancen kuɗina ba.

Ran nan motoci uku suka iso daga Dutse.
Aka kafa rumfa, aka ɗaura lasifika,
wai daga yau rana ce za ta ja mana ruwa.
Rana!
Wadda ta gasa ƙeyar kakanninmu,
wadda muke tsere wa zuwa gindin tsamiya,
ita gwamnati ta ɗauka aiki, ba ko albashi.
Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Faranti arba'in aka ambata.
Sha tara suka sauko daga mota.
Ban san inda sauran suka yada zango ba,
hanyar dai tana da tsawo, ga kwana.
Sunan Hambali ya fito can ƙasan takarda,
bashi ne, a biya in an kwashe amfani.
Na Tasalla mai albasa bai fito ba,
ba ta da mai ɗaga waya dominta.

Amma gaskiya, ko ni ta ci, zan faɗe ta.
Na leƙa lambun Hambali da hantsi,
na iske ruwa na bin fangali fangali,
ba hayaƙi, ba ƙara, ba jarka.
Har na ji kukan hazbiya.
Rabona da jin tsuntsu a fadama da rani
tun ina yaron shago.
A asibitinmu kuma Uwani ta sauka ƙarfe biyun dare
ƙarƙashin farin ƙwai,
ba tocila a bakin malamar asibiti.

To, sai dai fitilun titi.
Sha biyu aka kafa, damina biyu bakwai suka makance.
Lambar da ke jikin allo ba ta shiga,
ɗan kwangila ya zama labari.
Tattabaru suka gaje su.
Aka zo aka ce, Ilu, duba mana.
Na hau, na buɗe akwatin,
waya ja, waya baƙa, wani ɗan koren allo,
ba fistan, ba bawul, ba abin da ke tari in saurara.
Na rufe, na sauko, na ce ban sani ba.
Ban taɓa faɗin haka a gaban ƙarfe ba.

Ku da ke rubuta tsari a ɗakin sanyi,
kun haƙa rijiya, madalla,
amma kun tafi da guga a bayan mota.
Rana ba ta ciwo, mun yarda.
Batir fa? Wa zai yi jinyarsa?
Da kun bar faranti ɗaya a birni
kun aiko mana malami ɗaya a madadinsa.

Yanzu Sabi'u, yaron da na koya wa riƙon sifana,
ya sayo wata 'yar mita a Haɗeja,
yana kwana kallon gyara a waya.
Jiya bayan la'asar ya hau ta gaban mai shayi.
Ya daɗe a sama.
Da magariba ta yi, sai ta kifta, ta kifta, ta kama.
Yara suka sa ihu, mai shayi ya ce kofi biyu kyauta.

Ni ne na riƙe masa tsani.